Na'urar da Na Ɗaura a Rijiyar Kawu

Ina gyaran waya da sola a Kazaure lokacin da wani abokina, wanda muka yi makaranta tare, ya zo shagona. Ya ce ya samo aikin auna ruwan rijiyoyi, duk ƙauyen da aka ga ruwansa na ja da baya za a haƙa masa burtsatse. Ya nuna mini hoton na'urori masu tsada da ya sayo. Na ce, "Kai dai ka cika son ƙyale-ƙyale. Wannan mai zuƙe batir, wa zai riƙa binta ƙauye yana mata caji?"

Na haɗa masa 'yar ƙarama mai araha, ba ta kai tafin hannu ba, da layin waya da ɗan guntun sola. Yini take tana barci. Da safe ta farka, ta auna ruwa, ta tura saƙo wayarsa da tawa, ta koma barcinta. Har layin na kulle don kada ya tsallaka sabis ɗin Nijar.

Ƙauyenmu na kai ta, bayan Babura, rijiyar Kawuna, inda unguwa take sha, shanu ma su sha. Kawu ya ce, "Ɗan nan, ruwan ma sai an yi masa leƙen asiri?" Na durƙusa na ce, "Kawu, ku yarda da ni, alheri ne."

Masu tsadar da ya kai Roni da Gwiwa duk suka mutu kafin damina. Tawa ko gezau. Kullum tana shaida cewa ruwanmu ba ya raguwa ko a tsakiyar bazara, ni kuma ina ta fankama.

Ashe wannan shaidar abokin nawa ya ɗauka ya kai wa wani mai kuɗi. Suka sayi gonar da ke jikin rijiyar, suka haƙa burtsatse mai zurfi don noman rani, suka zagaye da waya. Abokin nan nawa fa, mutumin da ya sha cin tuwo a gidan Kawu! Da na tare shi, ko kunya babu, wai, "Haba mutumina, ruwan ai ya ishi kowa." Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Shekara ba ta zagayo ba guga ya fara dawowa da laka. Kawu ya kora shanunsa wurin surukansa, matan unguwa suka koma roƙon ruwa a bakin wayar gonar.

Na je da filaya zan cire na'urar. Kawu yana zaune a gindin rijiyar, bai ko dube ni ba. Ya ce, "Bar ta. Ita ai ba ta yi mana ƙarya ba."

Tana nan, ta ƙi mutuwa. Kowace safiya sai wayata ta yi ƙara, ta gaya mini babu ruwa a rijiyar Kawu.