Malama Loretta da Tsofaffin da Aka Cire

Tun kafin motar share ƙanƙara ta gama da titin jami'armu, Malama Loretta Wasylenko ta riga ta jona motarta da lantarki don kada injin ya daskare, ta shige aji da kofinta a hannu. Ta tsufa tana koyar da darasin da ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam suka fi tsana a nan Saskatchewan ta ƙasar Kanada: yadda ake bincike, da yadda ake rubuta abin da aka yi da abin da aka samu. Ofishina na jikin nata, kuma bangon da ke tsakaninmu ba ya rufa wa kowa asiri.

Ba ta jan biro a takardar ɗalibi. Tsayawa take a gaban aji ta aikata abin da ya rubuta, ba ragi ba ƙari. Wani ya taɓa rubuta cewa sun nuna wa mutane hotuna, sai ta zaro hoton karenta ta wulga masa a fuska ta mayar aljihu.

"Malama, ai ba haka muka yi ba!"

"To, ɗan nan, duba zan yi in gane? Wane hoto? Daga wane nisa? Wanda zai karanta ka a wata ƙasa ba ya cikin kanka."

Amma ba wannan ya sa nake jinjina mata yau da take ajiye aiki ba. Akwai abin da na gani da idona, wanda har yanzu ban manta ba.

A lokacin kwantiragin shekara-shekara take yi, sai aka buɗe kujerar dindindin guda ɗaya a sashenmu. Abin da za ta nuna wa kwamitin ɗaukar aiki bincike ɗaya ne da ta yi tun tana budurwa, inda ta samu cewa tsofaffi sun fi tuna kalmomi in an fara saka musu waƙoƙin ƙuruciyarsu. A wannan zangon, saura ƙiris kwamiti ya zauna, matar nan ta ɗauki binciken nata ta miƙa wa ɗalibai, ta ce su je gidan kula da tsofaffi su maimaita. Na ce mata, "Loretta, kin haukace ne? Ki bari a ba ki kujerar mana!" Ta ce kowane aji takan sa su maimaita binciken wani, bana kuma layi ya zo kanta.

Ɗaliban suka dawo fuska a sake: sakamako ya fito daidai da nata. Ina jin su ta bango. Sai na ji muryarta tana magana da shugabar rukunin, wata yarinya mai suna Harleen Sandhu.

"Harleen, kun rubuta wanda ya fi tsufa shekararsa tamanin da huɗu."

"Haka ne, Malama."

"Goggona Stefania a gidan nan take, shekararta casa'in da ɗaya. Ranar Lahadi ta ce min wasu yara sun saka mata waƙa, ta sha kuka, amma ko kalma ɗaya ba ta tuna ba. Ina kuka kai min goggo?"

Ashe da suka haɗa lissafi ba su ga wani bambanci ba, da waƙa da babu duk ɗaya. Sai suka cire tsofaffin da suka ɓata sakamakon, suka ce wai kunnensu ba ya ji sosai. Harleen ta fashe da kuka.

"Wallahi don ke muka yi. Kowa ya san kwamiti zai zauna. Mu ne za mu zubar miki da abinci?"

"Kunnen goggona ya fi nawa. Ku mayar da su, duka. Ku rubuta cewa kun cire su da farko, ku faɗi dalili."

Na ɗauka a aljihun tebur maganar za ta mutu. Ina! Ranar baje kolin binciken ɗalibai, ga 'yan kwamiti suna zagayawa da kek a faranti, Loretta da kanta ta kira su gaban allon Harleen. Ta ce, "Wannan aikina ne suka gwada, bai tsaya ba. Nasu ya fi nawa yawan mutane, ya fi nawa tsari. Su za ku yarda da su." Na ga shugaban sashe ya tsaya da cokali a iska.

Wani aka ba kujerar. Wannan ne ya fi girgiza ni, kuma har gobe ban huce ba. Mutanen da kullum suke wa'azin gaskiya a bincike sun gan ta tsaye a gabansu, suka kau da kai. Loretta ta ci gaba da jiran takardar sabunta kwantiragi duk bazara, har kanta ya yi fari.

Ke ce, Loretta, mai yanka da wuƙa ɗaya, naki da na wani. Ke ce kika koya wa yara cewa "ba mu samu komai ba" shi ma sakamako ne, ba abin kunya ba. Ɗalibanki suna asibitoci da makarantu yanzu, kuma in suka ce wa uwa abu kaza zai taimaki ɗanta, sun duba ne. Mun gode, madalla da ke. Ku kuma masu koyarwa, in kuna son ku yi koyi da ita, ku miƙa wa ɗalibanku aikin da kuka fi ji da shi, ku ce su gwada.

Jiya, tana kwashe littattafanta a kwali, na tambaye ta ko ta taɓa nadama. Ta ce ta yi, ba sau ɗaya ba, musamman shekarar da mijinta ya kwanta ciwo ba ta san ko za a sabunta mata aiki ba.

"To me ya hana ki yin shiru, ko na wata ɗaya ne?"

"Yaran nan sun yi ƙarya saboda suna sona," ta ce. "Da na karɓa, da shi ke nan darasin da na koya musu."