Kofin Maltar da Yaya Saratu Ta Ƙi Sha

Shekara bakwai ke nan da muka sa Yaya Saratu a ƙasa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi addu'ata a ɗaki, in share hawayena, in koma kan keken ɗinkina. Bana kam na ce sai na yi magana a bainar jama'a, domin 'yarta Rahila tana kwance a Gonin Gora da gyambo a ƙafa, kuma abin da uwarta ta yi shekaru tana yaƙa da shi ne ya sake shigowa ta ƙofa, a cikin kwali, tare da waƙa da addu'a. Wanda zai ji haushi ya ji. Ni dama ba a san ni da sanyin baki ba.

Sai na fara daga Baba kafin a gane Yaya. Mahaifinmu tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, mutum mai kunyar da ko ruwan zafi ka miƙa masa sai ya kurɓa ya ce ya gode. A wajenmu kuwa, idan mutum ya kwanta ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Ana zuwa da lemon malta da madarar gwangwani, a haɗa su a kofi, a miƙa wa mara lafiya da hannu biyu, a tsaya a kansa sai ya shanye, wai don ƙarin jini. Mai zazzaɓi, mai jego, mai karaya, duk kofin ɗaya ne. Da ciwon suga ya kwantar da Baba, ya san sarai likita ya hana shi zaƙi. Amma 'yan majami'a su zo, tsofaffin abokan aiki su zo, dangi daga ƙauye su zo, kowa da kofinsa. Ta yaya zai dubi idon baƙo ya ce a'a? Haka ya yi ta sha. Daga ɗan yatsan ƙafa aka fara yanka, aka ƙare a ƙasan gwiwa.

Da ya rasu, ranar da za a shirya gawarsa aka sayo farar safa, kamar yadda muke yi wa mamatanmu. Aka sa masa ɗaya. Ɗayar ta rage a hannun Yaya, tana tsaye tana jujjuya ta, ta rasa inda za ta ajiye. Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta dai dube ni ta ce, "Ladi, ni biyu za ki sa mini." Na ɗauka zafin rashi ne ke magana.

Bayan wasu shekaru ciwon ya biyo ta. Tana sayar da abinci a Unguwar Boro, sai ga ƙishirwa ba ƙarewa, ga rama, har wata rana ta yanke jiki a gaban murhu. Daga asibiti ta dawo da ƙwayoyi da wata 'yar mita ta auna suga, wadda ba ta kai tafin hannu ba. A tsira allura a ɗan yatsa, a ɗiga jini a kan tsinke, lamba ta fito. A lokacin nan ba kowa ya taɓa ganin irinta a unguwarmu ba.

Kwana kaɗan da dawowarta matan zumuntar majami'arta suka zo dubiya, cikin zanensu iri ɗaya, da tulun kiɗa da kacau-kacau. Suka yi waƙa har maƙwabta suka leƙo, suka yi addu'a mai ratsa jiki. Sannan Mama Tabita, uwar zumunta, ta buɗe malta, ta tsiyaya madara, ta miƙa da hannu biyu. Ina zaune a bakin gado. Yaya ta dubi kofin, ta dubi matar, ta ce, "Mama, na gode ƙwarai. Ba zan sha ba."

Mama Tabita ta ce, "Saratu, hannun zumunta kike mayarwa?"

"Hannun na riƙe, Mama," in ji Yaya. "Kofin ne ba zan karɓa ba. Irinsa ne ya ci ƙafar Baba."

Suka lallashe ta, suka ce ko kurɓa ɗaya don albarka. Ta ƙi. Suka tattara zannuwansu suka fita, an bar kofin a kan tebur ƙudaje na zagaya shi. Ni kaina a ranar na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau yake ƙona mini rai. Aka ce girman kai ne. Aka ce mai dogara ga Ubangiji ba ya tsira wa kansa allura kowace safiya. Aka laƙaba mata Mai Mita, yara kuma suka riƙa bin Rahila a hanyar makaranta suna kiranta 'yar Mai Mita. An daɗe matan nan ba su taka gidanta ba. Ita kuwa ko a jikinta. Bikin kowa da ita, mutuwar kowa da ita. Ita ce mai dafa wa taro dafa-duka, ta zuba wa kowa, sannan ta koma gefe ta buɗe 'yar kularta ta ci abin da ta zo da shi daga gida. Idan an tsokane ta sai ta ce a ci lafiya, ita ma tana cin nata.

Kada wani ya ɗauka abin ya zo mata da sauƙi. Mutanenmu sun ɗauki acca kamar magani, wai mai suga ya ci iya cikinsa. Yaya ta ci, ta auna, ta ga lambar ta haura, ta ce ashe acca ma tana da iyaka. Daga nan malmalarta ba ta wuce dunƙulen hannunta ba, miyar ganye ce ke cika kwano. Wake, zogale, kifi idan ya samu, yalo da gyaɗa kullum a jakarta. Ƙwayoyinta ba ta wasa da su, ranar ganin likita ko ana ruwan sama sai ta je. Ba ta taɓa taka ƙasa ba takalmi ba, kuma kullum sai ta duba tafin ƙafarta da madubi. Amma Yaya mayyar mangwaro ce. Idan lokacinsa ya zo sai ta yanki ɗan gefe ɗaya, ta ci tana lumshe ido, can an jima ta auna, ta harari mitar ta ce, "Munafuka, ke dai ba kya rufa wa mutum asiri." Na taɓa samunta tana hawaye a gaban kwandon mangwaro da aka kawo mata daga ƙauye. Ta share fuska, ta kira yaran maƙwabta ta raba musu.

Wata safiyar Lahadi, tana ɗaura ɗankwali za ta sujada, zuciyarta ta tsaya. Likita ya ce ba mamaki ciwon yana da hannu a ciki, ban kuma yi masa musu ba. A zaman makoki na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa duk da mitar, ai ga shi ta tafi. Ranar ban tanka ba saboda darajar gawa, amma yau ga amsata. Eh, ta tafi. Ke da kike shan naki kofin, an ba ki takardar zama ne? Yaya ta yi shekaru da ciwon nan tana tsaye a kan murhunta, da idonta ta karanta littafin waƙarta, da ƙafarta ta taka rawa a bikin 'yarta. Ni na shirya gawarta, kuma farar safa biyu na sa mata.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Kaduna ta yau. Mitar da aka yi mata dariya a kanta yanzu kusan kowane kemis akwai ta, kuma na san za ta ce a nuna mata masu dariyar. Motocin masu magani da ke tsayawa a Sabon Tasha da lasifika, suna rantsuwa za su wanke suga tas daga jikin mutum, su kam tsaki kawai za ta ja musu, haka ma masu irin wannan alkawari a cikin waya. Abin da zai ɓata mata rai shi ne kofin nan bai je ko'ina ba. An dai daina ɗauko maltar a kwalba, an koma ta gwangwani.

Rahila ta ƙone ne da salansar acaɓa, wato bututun hayaƙin babur, ɗan ƙuna a ƙauri wanda ya kamata ya bushe tuntuni. Da na ji shiru ya yi yawa na hau mota zuwa Gonin Gora. Warin gyambon ne ya fara tarbata, sannan na ga kwalayen malta a jere a bayan kujera. Na tsare ta da ido har ta fashe da kuka. Ashe tun bara aka gaya mata tana da ciwon uwarta, ta ɓoye, ko mijinta bai sani ba. Duk mai zuwa dubiya ya haɗa mata kofi, ita kuma ta shanye ta yi godiya.

"Anti, ba ki san abin da na sha a makaranta ba," ta ce. "Ba na so a sake kirana da sunan nan."

Na so in yi mata ruwan masifa, sai na ga yarinyar tsoro ne ya cika ta. Na zauna na ba ta labarin safar kakanta, wanda ba ta taɓa ji ba, domin tana goye aka binne shi. Washegari muka gaya wa mijinta, muka kai ta asibiti, na sayo mata mita a hanya. Likitan ya wanke gyambon, ya ce idan sugan ya sauka ƙafar za ta tsira. Idan bai sauka ba kuwa, bai ƙarasa ba, ni ma ban nemi ya ƙarasa ba.

A makon nan na cikar shekara bakwai da rasuwar Yaya, tsofaffin matan zumuntarta suka yi hayar bas daga Unguwar Boro suka zo duba 'yar marigayiya. Zan faɗi gaskiya a kansu: ƙauna ce ta kawo su. Mata ne da ke hana kansu don su cika kwalin nan, kuma ba wadda ta taɓa nufin kowa da sharri. Shi ya sa kofin yake da wuyar mayarwa. Na yi niyyar tare su a bakin ƙofa, amma Rahila ta roƙe ni kada in yi mata faɗa da baƙi. Sai na zauna a gefe ina cizon leɓe.

Aka yi waƙa, aka yi addu'a. Mama Tabita, wadda yanzu da sanda take tafiya, ta haɗa kofin da hannunta mai rawa ta miƙa. Rahila ta karɓa da hannu biyu, na ɗauka za ta sha. Ta dubi kofin, sannan ta ajiye shi a kan tebur.

"Mama, na gode ƙwarai. Ba zan sha ba. Ciwon Mamana ne da ni, kuma ina son ƙafata."

Wata ta ja tsaki. Tsohuwar ta daɗe tana kallonta, ban san me take gani ba. Can ta ce, "To, 'yar Saratu, me za mu kawo miki?"

Duk shekarun da Yaya ta yi da ciwon nan ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Rahila ta ce yalo da zogale sun ishe ta, waƙar ma kaɗai ta ishe ta. Ba duka suka ji daɗi ba. Suna fita na ji wata tana cewa Mai Mita ta dawo. Rahila ma ta ji. Ta miƙo mini hannu ta ce in ba ta mitar, lokacin awo ya yi.

Yaya ba ta bar wa kowa gādon gida ba, ba ta bar fili ba, tukwanenta ma an raba su tuni. Abin da ta bari shi ne mutum zai iya duban mai ƙaunarsa ido cikin ido, ya yi godiya, ya ce a'a. Baba bai iya ba, ni ma a ranar farko kunya na ji. Ku masu zuwa dubiya, ku ci gaba da zuwa, ba wanda ya kore ku, amma ku tambayi mara lafiya abin da jikinsa ke ɗauka kafin ku buɗe gwangwani. Ku kuma masu ciwon da ke shanyewa don gudun surutu, ku sani masu surutun ba za su ara muku ƙafa ba.

Ba zan ce muku Rahila ta warke ba, domin ba ta warke ba tukuna. Lambar tana sauka a hankali, gyambon ya fara bushewa daga gefe, muna zuwa wanki muna dawowa. Jiya ina share mata ɗaki na ga takalmanta na zuwa sujada a bakin ƙofa. Tunda ƙafa ɗaya ke naɗe da bandeji, na ɗauki na wannan ƙafar zan tura ƙarƙashin gado. Ta ɗago kai daga inda take kwance ta ce, "Anti, mayar da shi inda kika ɗauka. Biyu zan sa."