Rogo Biyu Ran Alhamis

"Rogon da za mu ci shi ka gurza wa tsumma, Pakne?"

"Ba tsumma ba ne. Sassauta murya."

"Ba zan sassauta ba. Kwana uku ina dafa ganyen rogo, uban ganyen kuwa yana cikin ƙwarya ana tace shi don a yi wa ƙyallen Bature sitaci. Dube ni. Buhun shinkafa nake ɗaure da shi, kwarkwata ta kafa gari a ƙuguna har da kasuwa, ga farin yadi kamu goma a cikin rufin ɗaki yana hutawa."

"Amana ce, Mbokne."

"To amanar ta dafa maka na rana."

Bangon da ya raba gidan tsoho Tukijan da na Marsudi mai facin keke saƙar gora ce, atishawa ma wucewa take balle faɗa. Tukijan ne da matarsa, masu kiran juna Pakne da Mbokne, wato uban yara da uwar yara. Da hantsin nan Marsudi yana zaune a gindinsa yana cusa busasshiyar ciyawa a cikin tayar keke, don tun da roba ta koma ta soja, da ciyawa ake hawa. Da ya ji "kamu goma" sai hannunsa ya tsaya. Shekara ta uku ke nan da Japanawa suka kori Turawan Holan daga mulkin tsibirin Jawa, kuma a unguwar da ke bayan kamfanin sukari, kusa da Klaten, an fi shekara ba a ga farin ƙyalle ko na ɗaure yatsa ba.

Kowa ya san Tukijan. Shekara ashirin da shida ya yi a gidan babban Baturen kamfanin. Da wanke faranti ya fara, ya hau guga, daga guga ya kai ga tebur, inda ya tsufa a tsaye bayan kujera. Tafiyarsa ko kaza ba ta ji, fuskarsa kuwa kamar an goge ta da dutsen guga, ba ka karanta komai a kanta. Abin alfaharinsa ɗaya ne, yakan ba da labarinsa a wurin biki: bai taɓa ce wa baƙo ci wannan ba, amma kifin jiya da uwargida take so ya ƙare, a hannun daman wanda ya fi kowa kwaɗayi yake ajiye shi, mutum ya share kwanon tas ya koma gida yana yabon kuku.

Ranar da aka loda Turawa a manyan motoci aka kai su sansani, unguwa ta shiga gidan. Wani ya fito da kujera, wani da agogon bango, wani da madubin da ya fi ƙofar ɗakinsa tsawo. Tukijan ya fito hannu rabbana, sai dutsen gugarsa. Wasu suka ce mai gaskiya ne, wasu suka ce wawa. Masu ido dai sun ce ran nan ya ɗan yi ƙiba a ƙugu.

Daga nan rayuwa ta juya. Aka tura agogo gaba awa ɗaya da rabi don ya yi daidai da na Tokyo, ofis ya koma yana bin wani lokaci, liman da kaji suna bin rana. Duk wanda ya wuce soja bai rusuna ba ya sha mari. Aka ce kowane gida ya shuka zurma don man jirgin sama, shinkafa kuwa ta bi mota ta tafi. Sai tufa ta ɓace. Miji da mata suka koma karɓa-karɓa da zane ɗaya, in ɗaya ya fita ɗaya ya zauna a ɗaka. Da aka raba unguwanni gida goma-goma, Marsudi aka ɗora a kan nasu, don ya iya karatu kuma bayansa yana lanƙwasuwa da kyau. Aka ba shi ƙyallen ɗaurawa a dantse, aka ce shi ne idon hukuma.

Idon hukuma yana da uwa, Mbah Sadinem. Wata biyu da suka wuce ta ga an fito da gawar ƙawarta a naɗe cikin tabarma, dugadugai a waje. Tun ranar ta kwanta, ta ƙi abinci.

"Mutuwa ba ta ba ni tsoro," ta ce masa. "Amma ka rantse ba za ka naɗe ni kamar busasshen kifi ba. Ubanka da likkafani ya tafi. In je in same shi cikin tabarma ya ce daga wace kasuwa?"

Ya rantse, alhali ko zaren likkafanin ba shi da shi. Kullum tana ƙara ramewa, kullum rantsuwar tana ƙara nauyi.

Saboda haka bai tashi daga gindin bangon nan da nan ba. Sai da ya tuna cewa ran Asabar 'yan sanda za su bi gida-gida neman kayan abokan gaba, ya tuna cewa wanda aka kama ba ya dawowa da haƙoransa, ya tuna Tukijan tsoho ne. Ashe ceton dattijo za shi. Zuciya gwanar tela ce, kowace buƙata sai ta ɗinka mata rigar fita cikin mutane. Ya ɗaura ƙyallensa a dantse ya zagaya.

Waginem, matar Tukijan, ta ba shi tabarma ta shige ciki. Suka gaisa, suka taɓa zancen ruwan sama da na zurma, don ba a faɗa wa babba magana kai tsaye.

"Kawu, an ce ran Asabar har rufin ɗaki za a zazzage."

"Allah ya ba su sa'a, ɗana. Ɓeraye sun dame mu."

"An ce ko cokali aka samu na Bature, sai mutum ya kwana a can."

"Cokali kuwa ba mu da shi. Me za mu ci da shi?"

Marsudi ya dubi ƙwaryar da ke gefe, farin sitaci ya kwanta a ƙasanta. "Kawu, bangon nan namu ba ya riƙe sirri."

Tsohon ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama. Ya tashi ya hau turmi, ya zaro wani kunshin ganyen ayaba daga rufi, ya wanke hannu, ya kwance. Ɗakin ya yi haske. Shimfiɗar babban tebur ce, fara sol, da furanni a saƙe waɗanda sai an karkata ake gani.

"Teburin mutum goma sha takwas," in ji Tukijan. "Uwargida ta ce in riƙe mata. In ba a wanke shi an sa sitaci an goge duk mako ba, sai ya yi ja a kan ninki."

Marsudi ya haɗiye yawu. "Don zumunci, Kawu, zan karɓe shi a hannunka. Ba sai sunanka ya je ko'ina ba."

Ya shirya jin roƙo, ko kuka. Sai ya ga tsohon ya naɗe kayan, ya sa a kwando, ya rufe da ganyen zurma, ya ce shi zai kai da kansa, don farin kaya ba a ba wa mai baƙin mai a farce. A gidan Marsudi tsohon ya durƙusa ya gaida Mbah, ya ɗaga tabarmarta ya shimfiɗa ƙyallen a ƙarƙashi. Tsohuwa ta zura hannu ta shafa, ta sake shafawa, ta ce a ɗumama mata kunu.

Sai da Tukijan zai tashi ya ɗaga wata kusurwa, wai yana gyarawa. An yi mata ado da zare ruwan lemo: haruffa biyu, da kambin sarautar Holan a sama.

"Wannan gefen a riƙa sa shi ta bango," ya ce. "Ba sa son ganinsa. Amma ai gidan mai unguwa ba a bincikensa."

"In aka bincika fa?"

"To, a gidanka aka gani, ɗana. Ni dutsen guga kawai gare ni."

Ran Asabar 'yan sanda biyu da soja ɗaya suka juye gidan Tukijan, suka sami ɓeraye. Daga nan suka zauna a ƙofar Marsudi shan ruwa, taku uku daga kambin Holan. Marsudi ya rusuna har sai da bayansa ya yi ƙara. Mbah ta saki tari mai tsawo daga ciki, sojan ya toshe hanci da hannu ya miƙe, don ba abin da suke tsoro kamar cutar mutanen gari. Bayan tafiyarsu ta nemi ƙarin kunu.

Ran Alhamis sai ga Tukijan da dutsen guga da gawayin ɓawon kwakwa. Ya ce a kawo rogo biyu masu kyau, a gurza, a tace. Marsudi ya buɗe baki, uwarsa ta riga shi.

"Ba shi. So kake in tafi da jan ninki?"

Haka aka shiga yi. Duk Alhamis a rufe ƙofa, a wanke, a shanya a cikin ɗaka, Tukijan ya yi guga a tsanake yana gyaran murya kamar da baƙi a falo. Tsakin rogon da aka tace kuwa ya ce ba ya zubuwa, yakan ƙulle shi ya kai wa Waginem. Mbah Sadinem, tun da ta sami abin mutuwa, sai ta fasa. Ta tashi, ta koma cin rabon mutum biyu, tana zagin jikoki da cikakkiyar murya. Ta bayan bango kuma ba a sake jin faɗa ba, sai ƙamshin dafaffen rogo.

Shirun nan ne ya dami Marsudi. Shekara ashirin yana maƙwabtaka da mutanen nan, ko faɗansu da raɗa suke yi. Ran nan kaɗai Waginem ta ɗaga murya, daidai lokacin da yake zama a gindin bango, har da faɗin kamu nawa ne da inda aka ɓoye.

A Alhamis ta biyar ya raka tsohon bakin ƙofa.

"Kawu, in ranar ta zo, za ka bari a yanka mata? Na rantse mata."

"Ka duba gefe, akwai ƙullin baƙin zare guda biyu. Tun shekarar farko na auna. Mutum uku yake ɗauka a kwance: ni, da Mbokne, da kaso ɗaya da ya rasa mai shi."

"Amanar uwargida fa?"

"In ta dawo ta same mu a ciki, ta ɗauki abinta."

Marsudi ya ji wani dutse ya sauka daga ƙirjinsa, wani ƙarami ya hau. "Faɗan nan da na ji ta bango," ya ce, "da gaske kuka yi shi?"

Tukijan ya zazzage tokar dutsen gugarsa a gindin zurma, ya busa, ya rataya shi a hannu. Fuskar nan tana nan yadda take, ba ƙura ba ninki.

"Yunwarta dai gaskiya ce," ya ce. "Ni kuwa ban ce maka ci ba, ɗana, a hannun damanka kawai na ajiye. Alhamis mai zuwa a zaɓi manya, na yau duk jijiya ne."