Ɗan Fari a Gaban Lokotoro

Ɗan yayata na fari yana da shekara ashirin da uku sa'ad da ya daina fita gona. Ya dawo Allakaye daga karatu, ya shige ɗaki, shi ke nan. Ba ya zagi, ba ya jifa, in an tashe shi yana yin salla. Tuwo kuwa sai ya bushe a kwano.

Ni ne kawunsa, kuma mushen lakwal ne ni, wato malamin makaranta, a Buza, don haka kowa ya ɗauka na san abin yi. Wallahi ban sani ba! An sha rubutu, an yi hayaƙi, wata tsohuwa daga Babankatami ta rantse turen aljanu ne. Na kai shi likita a Madawa, aka ce ciwon damuwa ne mai tsanani, aka rubuta ƙwaya. Wata huɗu shiru. Aka canza wata, ya yi ta barci kamar jariri, ya farka yadda yake. To mene ne? Ƙwayar ce ba ta ci, ko ba shi ne ciwon ba? Har kunyar komawa ƙauye nake ji, don da na sauka daga babur za a taru a kaina da tambaya.

Duk yawon nan uwarsa ba ta taɓa shiga wurin likita ba. Ɗan fari ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda ake zancensa, sai dai ta ce "wancan". Takan biyo mu, ta nemi inuwa a waje ta zauna da ƙwaryar fura. Ni ke shiga, ni ke amsa tambayoyi. Yana ci? Kaɗan-kaɗan. Yana barci? Yana yi. Ya taɓa zancen mutuwa? Subhanallahi, a'a. Alhali sau biyu a wata nake ganinsa.

Da magani na biyu ya gaza aka ba mu takarda zuwa Tawa, wurin lokotoro, wato babban likitan ƙwaƙwalwa. Mutum ne marar gaggawa. Ya duba ordinansi, takardun maganin da muka tara a leda, ya yi wa yaron tambaya, yaron ya kafa ido a ƙasa. Na buɗe baki zan amsa kamar kullum, ya ɗaga mini hannu.

"Mushe, wa ke kai mashi abinci?"

"Uwarsa."

"A kira ta."

Na ce ɗan fari ne, ba za ta iya ba. Ya ce shi ma ɗan fari ne, a dai kira ta. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ni da nake ta wahala kan hanya, yau ni ne ban san komai ba?

Na same ta a gindin itacen bedi. "Yaya, ana son ki ciki." Ta dube ni kamar na zage ta. Sai da na ce lokotoro ba zai rubuta komai ba in ba ta zo ba, sannan ta miƙe. Ta zauna bakin benci, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wa ɗanta baya.

"Inna, akwai abin da kike tsoro?" in ji lokotoro.

Da ta yi magana, bango ta kalla.

"Tun kakar bara na kwashe duk abin da ka iya cutar da mutum, na kai rumbun maƙwabta. Wancan ya ce ma akuyarshi ya gaji da duniya. Ina bayan danga na ji shi. In za ni rijiya sai in aje wata ta tsare ƙofa, in ce mata kaji nika tsoro."

Fiye da shekara! Sau nawa na ce wa likitoci a'a, tana zaune a waje da amsar? Na rasa wa zan ji haushi, ita, ko ni, ko kunyar nan da duk muke yaba mata a kai.

Lokotoro ya ce ba za mu koma gida ranar ba. Za a kwantar da shi a sa masa ido, a gwada wani haɗin magani, a riƙa zama ana magana da shi. In hakan bai yi ba, akwai sauran hanya a Yamai. Na tambaye shi ko zai warke. Ya ce da yawa suna samun sauƙi, amma ba zai yanke mini rana ba. Ban gane ko albishir ne wannan ba.

Sai yaron ya ɗago kai, abin da na manta rabon da in gani. Ya dubi bayan uwarsa.

"Inna, ashe kin sani?"

Kafaɗunta suka motsa ƙarƙashin mayafi, amma ba ta waiwaya ba. Ni ta kalla, idonta jawur.

"Ka ce mashi na sani. Ka ce mashi ni za ni kwana nan."