Tafarnuwa ko Alayyafo

A barandar sashen masu ciwon daji, inda nake jiran gwaggona, wani tsoho yana zaune da hularsa a gwiwa, yana lallaɓa ta kamar ita ce marar lafiyar. Rigarsa sabuwa ce fil, amma ƙasar gona na ƙarƙashin faratansa. Ina jin daga ƙauyukan yankin Jinxiang, inda ake noman tafarnuwa, ya fito. Pang na ji nas ta kira shi.

'Yarsa ce a ciki wurin likita. Haka ake yi: iyali su ji sakamako, mai jikin ya tsare jaka a waje.

Ta fito ido jawur. "Baba, gyambon ciki ne kawai."

"Madalla. Samo mini ruwan zafi."

Tana shan kwana ya leƙa ƙofar likitar.

"Likita, ba zan ci lokacinki ba. In shuka tafarnuwa bana? Wata takwas take yi."

Likitar ta ajiye biro, ta daɗe tana kallonsa.

"Alayyafo fa, Baba Pang?"

"Kwana arba'in."

"Shuka alayyafo. Sau biyu ma, ina ga."

Ya rusuna ya sa hularsa. A bakin ƙofa akwai na'urar nan mai tambayar ko ka gamsu da likita, wadda nake danna wa "a'a" kullum don nishaɗi. Shi ya laluɓo "na gamsu ƙwarai" ya danna da babban yatsa.

'Yar ta dawo da ruwan.

"Gyambon nan ba ya son tafarnuwa," in ji shi. "Bana mu huta da ita."