Rakiyar Malamin Faransanci

Jiya na raka baƙo, sai na tsinci kaina riƙe da hannunsa. Nan take Baba ya faɗo mini a rai, don kuwa haka yake yi wa duk wanda ya ziyarce shi. Dattijo ne ɗan Nijar da muke kira Baba, mai sayar da littattafai a unguwar Darrasa, lokacin muna ɗalibai a Alƙahira. A bayan shagonsa wani Bayahude daga Faransa yake koya mana Faransanci, cikin ƙamshin tsohuwar takarda da shayin na'ana'a.

Wata la'asar, samarin unguwa suka tare bakin layi suna jiran malamin don sun ji Bayahude ne, ɗayansu da dutse a hannu. Malamin ya leƙa, ya dawo yana tattara kayansa. Ya ce wa Baba, "Khalas, shi ke nan, Alhaji, ba zan sake zuwa ba."

Baba ya karɓi jakarsa, ya kama hannunsa. "Yalla, mu tafi, malam. A wurinmu baƙo ba ya fita shi kaɗai."

A tsakiyar samarin ya tsaya, yana gaishe su, yana tambayar lafiyar iyayensu. "Kai ɗan mai burodi, gini za ka yi? Ajiye dutsen nan ka riƙe wa malamin 'ya'yana jaka." Saurayin ya karɓa, kansa a sunkuye.

Rakiya a bakin titi take ƙarewa, amma ranar sai da Baba ya kai shi ƙofar gidansa can unguwar Dokki, duk da ciwon gwiwar da Baba yake fama da shi. Malamin bai fasa zuwa ba har muka gama karatu.

Allah ya haskaka kabarin Baba, ya amintar da shi ranar da kowa zai firgita.