Lawashin Ranar Suna

Kafin in shiga labarin, ya kamata in bayyana inda na samo shi, domin ba dukansa na gani da idona ba, abin da na gani ɗin ma da idon yaro na gan shi. Madogarata uku ce. Ta farko ita ce abin da ya rage a kaina. Ta biyu mahaifiyarmu, Inna, wadda yanzu take zaune wurin babbar yayarmu a Gwadangaji. Tun da na gama jami'a na kama koyarwa a Birnin Kebbi nake tashi daga ɗakina na Nassarawa in je in yi ta yi mata tambaya, har ta fara ce mini alƙali. Ta uku kuwa yayana ne, wanda har yau yake noman albasa a Argungu, kuma ba ya son a ja zancen da nisa. Mahaifinmu, wanda kalma ɗaya daga bakinsa za ta warware abin da ya dame ni, Allah ya yi masa rasuwa ban kai ga tambayarsa ba.

Shekarar ban iya tabbatar da ita ba. Na san dai an riga an fara ce mana Jihar Sakkwato, ni kuma ina aji huɗu ko biyar a firamare. Inna ta ce shekarar auren yayarmu ce, Yaya ya ce wadda ta gabace ta ce. Ban zaɓi ɗaya ba. Maganganun mutane na rubuta su da harshenmu na Kabi yadda kunnena ya riƙe, amma ba zan rantse cewa kalma da kalma haka suka fito ba.

A ƙarshen daminar wannan shekara gulbi ya cika ya tumbatsa, ya cinye wata ƙaramar tunga ta manoman shinkafa da ke cikin fadama. Gidajensu na ƙasa suka narke, shinkafarsu ta nutse tun ba ta nuna ba. Waɗansu suka bi dangi, waɗanda ba su da wurin zuwa suka tare a wani tsohon sito mai rufin kwano a gefen garinmu, suka rarraba cikinsa da zana da tsofaffin zannuwa. Ba su da halin sake gini sai ƙasa ta bushe, saboda haka a nan sanyi ya same su.

Suna da dattijo guda, dogo, mai ƙarancin magana, wanda ya kafa musu doka. Geron zakka suna karɓa, domin wannan hakki ne da Allah ya ba wanda ya rasa. Bayan shi ba sa karɓar komai. Matan unguwarmu sun sha aika kwanon miya ko ƙullin kayan cefane, a dawo da shi da godiya mai yawa, ba a taɓa ba. An ce yakan ce: "Ruwa yac ci muna gida, bai ci muna hannu ba. Mu ba mabarata ba na." Mazansu suna ƙwadago a gonakin mutane, abin da suka samu ba ya wuce gishiri da kuka da magani.

Autarmu ce ta fara kawo zancen gida. Wata yarinya daga siton ta zama ƙawarta a wurin ɗiban ruwa, ta bi ta ciki wata rana, ta dawo tana gaya wa Inna cewa miyarsu ruwa ce da kuka, ko albasa babu. Ta ce ita za ta shuka musu ganye. Aka yi mata dariya, amma ba ta bar maganar ba.

A daidai wannan lokaci Baba ya yanka wa Yaya 'yan fangaloli, wato ƙananan filayen ban ruwa, a ƙarshen lambunsa domin ya gwada shi. Yaya bai shiga boko ba, noma ne abin da ya sa a gaba, shekarunsa kuma ba su wuce sha biyar ko sha shida ba. Sharaɗin a fili yake, kowa a gidan ya san shi: idan albasarsa ta yi kai sosai, gonar kakanmu ta bakin ruwa, wadda babu kamarta a duk abin da danginmu suka mallaka, za ta zama tasa. Idan ba ta yi ba, a ba ɗan baffanmu, wanda shi ma ya daɗe da sa mata ido. Yaya ya yi renon irinsa da kansa, ya yi dashe da kansa, ba ya yarda ko inuwarmu ta faɗa kan fangalinsa.

Wurinsa Auta ta je neman fili.

"Ganye noman mata na," in ji shi. "Tahi bayan ɗakin Inna ki shuka."

"Awaki na can. Kai ko rowa ta cika ka, Yaya. Gefen lambatu ɗai nika so, inda ba ka shuka komi."

"In ƙahwarki ta taɓa albasata, da kunnenki za ki biya."

Haka muka samu gefen magudanar ruwa, ni da Auta da ƙawarta da waɗansu yara biyu na maƙwabta. Alayyafo muka fara zubawa. Ba mu san yadda za mu shigar da shi sito ba tare da dattijon ya mayar mana ba, sai wata tsohuwa daga cikinsu ta raba mana gardama. Kaka muke ce mata. Takan zo bakin lambu tsintar ganyen daji, ta tarar da mu muna ta fama. Ta kwance bakin zaninta ta fito da ƙullin irin yakuwa da na rama, wanda ta ce shi kaɗai ta ɗauka ranar da ruwa ya shigo musu, ta bar tukwanenta. Ta nuna mana zurfin da za mu sa shi. Da ganyen ya yi, ita ta shiga gaba da kwandon har gaban dattijon, ta ce: "Irin namu na, aikin na jikokina na. Ina sadaka ciki?" Ya dubi kwandon, ya dube mu, ya kau da kai. Daga ranar abin da ya fito daga lambun yara yana shiga sito, amma shi kaɗai.

Waɗannan watanni su ne na fi jin daɗinsu a duk ƙuruciyata, ko da yake na san nisan lokaci yana ƙara wa abu zaƙi. Da an tashi makaranta nake tuɓe rigar makaranta in rataye a reshen mangwaro. Yaya yana kan jigo, yana sunkuyar da sandar ya ɗebo ruwa ya juye, itacen yana kuka, mu kuma muna buɗe bakin lambatu da hannu muna toshewa da laka. Ruwan yakan sa yatsu su ƙage. Balbelu suna bin bayanmu, masunta suna wucewa a kwalekwale suna tsokanarmu da cewa manyan manoma sannu da aiki. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na ganyen albasa yakan bi mu har shimfiɗa. Kaka tana zaune a kan kunya tana tsinke yakuwa, bakinta bai taɓa hutawa ba, kuma Yaya ta fi sa wa ido.

"Angona," takan ce masa, "wagga albasa taka, sai na mutu za ta nuna? Dubi ƙannenka, sun ciyar da ni sau nawa, kai ko kana ta lallashin ganye awa amarya."

"Ki yi haƙuri, tsohuwa. In ta yi kai, da guda za ki ƙoshi."

"Da wane haƙori?"

Albasar ta yi kyau ƙwarai. Lawashinta, wato ganyenta, ya yi kore shar, ya kai gwiwar Auta. Ƙasan ta fara kumbura, abin da ya rage 'yan makonni ne. Har Baba, wanda yabo ke yi wa wuyar fita, na ji ya ce wa Inna yaron yana da hannu.

Sai jikar Kaka ta haihu a cikin sito, tun kafin lokacin da ake zato. Haihuwar farko ce a wurin tun da ruwa ya kore su. Dattijon ya ce za a yi suna yadda ake yi a tunga, a kira 'yan'uwansu da suka warwatsu, a yanka ɗan akuya ɗaya da ya tsira musu. Gero akwai. Abin miya ne babu, domin kwanaki kaɗan kafin haihuwar mun tsinke ganyenmu har kara, bai sake tohowa ba. Inna ta aika da kayan cefane, ta ce na barka ne, aka dawo da su kamar kullum.

Ana gobe suna Kaka ta zo lambu. Ta zaga gefen lambatu, ta ga karare tsirara. Ba ta roƙi komai ba, wannan ni da Yaya duka mun yarda da shi. Ta lura Yaya yana kallon fangalinsa, sai ta ce: "Angona, kak ka soma. Suna ba ya fasuwa don miya. Mun sha kuka wata nawa, ta kashe wa?" Ta yi dariya ta tafi, amma tafiyar ba irin tata ba ce.

Duk manomin albasa ya san ana iya zare ganye ɗaya ko biyu daga kowane gindi ba tare da an cuce shi ba. Yaya ya yi haka da yammacin nan. Abin da ya samu bai rufe gindin kwando ba, ga shi mutanen da za su taru sun fi na gidanmu ninkin-ba-ninkin. Kowa kuma ya san idan aka sare lawashi gaba ɗaya a wannan gaɓa, kan ba zai ƙara girma ba.

Washegari bayan sallar asuba ya ɗauki lauje ya ce in biyo shi da kwanduna. A hanya na ce masa ya tuna gonar bakin ruwa. Na ce mu je mu roƙi wani manomi, mu ce daga lambunmu ne.

"Tsohon nan ya san ganyenmu," in ji shi. "Kuma ƙarya za mu kai gidan suna? Riƙe kwando, ɗan boko, ka bar lissahi."

Ya sunkuya ya fara daga fangalin farko. Bai tsaya ba sai da ya kai na ƙarshe. Idanuna suna ta zubar ruwa saboda yajin ganyen, nasa ma haka, kuma ban san ko duka na yajin ne ba.

Kaka ta bi kwandunan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ta ce: "Kai, wanga miji nawa wawa na." Ta dafa kansa. Matan suka daka lawashin, suka soya da man gyaɗa da daddawa, ƙamshin ya cika unguwar. Wanda ya rage suka cura shi dunƙule-dunƙule, abin da muke kira gabu, suka shanya a kan kwanon sito, ya kai su har ƙarshen zamansu. Dattijon bai mayar da shi ba, tun da daga lambun yara ya fito, shi da kansa ma ya kira mu muka ci a kwano ɗaya da shi. Jaririyar mace ce.

Da la'asar Baba ya zo lambu. Ya bi fangalolin ɗaya bayan ɗaya, hannuwansa a baya.

"Wa yay yanke?"

"Ni na, Baba."

"Ka san abin da kay yi?"

"Na sani."

Ya juya ya tafi. Albasar ta sake toho, amma da aka tone ta kawunan ba su fi goro ba. Baba bai sassauta sharaɗinsa ba: gonar bakin ruwa ta tafi hannun ɗan baffanmu, tana hannunsa har yau. Bayan rani biyu ko uku aka ba Yaya wata a can tudu, inda sai an sha wuya ruwa ke kai wa shuka, ita yake nomawa. Mutanen sito kuwa sun tashi kafin damina, suka yi gini a wani wuri mai tudu. Kaka ta bar wa Auta ragowar irin yakuwarta. Ba mu sake ganinta ba.

Da na tambayi Yaya ko ya yi nadama, sai ya ce albasa ce kawai, in bar shi ya yi aikinsa. Amma da na miƙe zan tafi ya faɗi abin da ban taɓa ji ba. Ya ce a safiyar nan, yana tsakiyar yanka, ya ɗaga kai ya hangi Baba tsaye a gindin mangwaro riƙe da kekensa. Ya ce sun haɗa ido, Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya juya keken ya tafi. A lokacin rabin fangalolin suna nan ba a taɓa ba, tsawa ɗaya ta isa ta cece su.

Na kai wa Inna wannan zance, ta ce ba zai yiwu ba. Ta ce ranar Baba ya yi sammako ya bi mota zuwa Birnin Kebbi gaisuwar rasuwa, ita ta ɗumama masa tuwo, bai dawo ba sai bayan azahar. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, Yaya ma haka. Auta jaririyar kawai take tunawa. Ni ina wurin, tsakanina da mangwaron ba nisa, amma kaina yana sunkuye ina danna ganye a kwando, ban ɗaga ba.

Idan maganar Inna ce daidai, Baba ya tarar da ɓarna ne ya yi hukunci. Idan ta Yaya ce, to ya ga abin da ɗansa yake yi, ya bar shi ya ƙarasa, sannan duk da haka ya hana shi gonar. Waɗannan mutane biyu ne daban, kuma ina so in san wanne ne mahaifina. Shin Baba yana tsaye a gindin mangwaron nan a safiyar suna, ko ba ya nan?